Labarin Manoman Inabi na Shabli a Ƙasar Faransa

'Yan'uwa manoma, a taron gama kai sau da yawa mukan ji wannan tambaya: me ya sa iri ɗaya, daga buhu ɗaya, yakan yi kyau a gonar wani ya ƙi a gonar maƙwabcinsa? Waɗansu kuma sukan tambaya, me ya sa mai saye yakan fara tambayar inda aka noma kaya kafin ya yi tayi? A wannan fitowa mun kawo muku labarin waɗansu manoma na ƙasar Faransa waɗanda suka yi shekaru ɗaruruwa suna fama da waɗannan tambayoyi biyu, har suka rubuta amsarsu ta zama doka.

Sunan garinsu Shabli. Su suna rubuta shi Chablis. Inabi suke nomawa, suna matse shi su yi farin ruwan inabi wanda ake kira da sunan garin, ana kuwa sayensa da tsada a ƙasashe da yawa. Tun da fari bari mu faɗi gaskiya: abin da suke yi ɗin abin sha ne mai sa maye, yawancin ikkilisiyoyinmu kuwa sun hana shansa. Ba mu kawo labarin domin mu kwaɗaita wa kowa ba. Aikin gonar muke dubawa, da yadda mutanen suka san ƙasarsu, da yadda suka tsare sunan kayansu. Manomin dawa da mai lambun albasa duk za su sami abin ɗauka a ciki.

Inda garin yake

Shabli ƙaramin gari ne a arewacin lardin Burgundi, wajen kilomita 180 kudu maso gabas da Faris, babban birnin Faransa. Wani ƙaramin kogi mai suna Serein ya ratsa ta tsakiyarsa. Dama da hagun kogin tuddai ne da kwaruruka, a jikin tuddan nan gonakin inabi suke, a garuruwa da ƙauyuka wajen 20. Duka-duka gonakin sun kai kimanin hekta 5,800. Hekta ɗaya kuwa kusan eka biyu da rabi ce.

Noman inabi a wurin tsohon abu ne. A shekara ta 867 Sarki Sharl na Faransa ya ba waɗansu ma'aikatan ikkilisiya na birnin Tours wuri a Shabli, gama mahara daga arewa sun kore su daga gidansu. A 1114 kuma waɗansu masu zaman zuhudu suka kafa gidansu a Pontigny, kusa da Shabli, suka shiga noman inabi a jikin tuddan. Su mutane ne masu addu'a da aikin hannu, masu karatu da rubutu kuma. Da yake gonakin na gidan ne, in tsoho ya mutu wani ya ɗora daga inda ya tsaya, sanin da aka tara bai ɓace ba. Sannu a hankali aka gane gefen da yake nuna da wuri, da gefen da sanyi yake ci, da inda amfani ya fi daɗi.

Inabi iri ɗaya tak ake shukawa domin ruwan Shabli, sunansa Shadone. Ana noma wannan iri a Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu da wurare da dama. A ƙasashe masu zafi ruwansa yakan fito da nauyi, da ƙanshi kamar na abarba ko mangwaro nunanne. A Shabli kuwa yakan fito garau, da ɗan tsami mai kaifi kamar na lemun tsami. Tun da iri ɗaya ne, ashe bambancin daga ƙasa da yanayi da hannun manomi ya fito.

Irin ƙasar

Wanda ya saba da baƙar ƙasar fadama, in ya ga gonar Shabli, zai ce wannan ba wurin noma ba ne. Ƙasar fara-fara ce, ba ta da kauri, cike take da tsakuwa da fasassun duwatsu. In an haƙa sai a tarar da yumɓu mai launin toka gauraye da farin dutse, irin dutsen da ake haƙa domin yin siminti, shimfiɗa bisa shimfiɗa. A cikin dutsen akwai ɓawon ƙananan kawa birjik, waɗansu ba su fi ƙumbar yatsa girma ba. Masanan ƙasa sun ce a dā wani teku marar zurfi ya rufe wurin, shekaru wajen miliyan 150 da suka wuce, laka da ɓawon halittun ruwa suka kwanta a ƙarƙashinsa har suka zama dutse. Sun sa wa wannan shimfiɗa sunan wani ƙauye na bakin teku a Ingila, Kimmeridge, inda irinta ta fito fili.

To, mene ne amfanin wannan ƙasa ga inabi? Abu na fari shi ne ruwa. Itacen inabi ba ya son saiwarsa ta jiƙe ta daɗe. Tsakuwa da tsagar dutse suna barin ruwan sama ya wuce da sauri, yumɓun kuwa yana riƙe kaɗan, yana sakar wa saiwa a hankali lokacin zafi. Don haka itacen ba ya nutsewa, ba ya kuma mutuwa da ƙishi. Yana samun abin da zai ishe shi ne kawai.

Abu na biyu shi ne rashin ƙarfin ƙasar. In aka dasa inabi a ƙasa mai taki da yawa, sai ya haukace da ganye da rassa, 'ya'yan su yi yawa, su cika da ruwa, su yi lami. Ganyen kuma ya rufe su, iska ba ta shiga, ruɓa ta kama. Mu ma mun san wannan, gama wake in ya sami taki fiye da kima yakan yi ta yaɗo ya ƙi 'ya'ya. A ƙasar Shabli itacen ba ya samun abin yin wannan almubazzaranci. 'Ya'yansa kaɗan ne, ƙanana, amma daɗinsu a tattare yake.

Masu sayar da ruwan Shabli sukan ce ana jin ɗanɗanon dutsen da na kawa a cikinsa. Masu bincike ba su yarda da wannan yadda ake faɗarsa ba. Saiwa ba ta tsotse ɗanɗanon dutse ta kai cikin 'ya'ya. Abin da ƙasa take yi shi ne ta tsara yawan ruwan da itacen zai sha, da abincin da zai samu, da zurfin da saiwa za ta kai, da ɗumin da zai kewaye ta. Waɗannan su suke sāke yawan zaƙi da tsami da ƙanshi a cikin 'ya'yan. Ya kamata mu riƙe wannan, domin kada mu ɗauka akwai wani asiri a cikin ƙasa wanda manomi ba zai iya ganewa ba. Abu ne da ake dubawa da ido, a haƙa da fartanya, a auna.

A bisa kan tuddan akwai wata shimfiɗa dabam, ta farin dutse mai tauri, mai ƙarancin yumɓu. Ita ma ana noma inabi a kanta, amma wurin fili ne, iska tana kaɗawa, ruwan da yake bayarwa bai kai na jikin tudu nauyi ba, ba ya kuma jure ajiya kamarsa. Tazarar da take tsakanin su biyun wani lokaci tafiyar minti kaɗan ce a ƙafa.

Sanyi da rana

Shabli tana can arewa, kusa da iyakar inda inabi yake iya nuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai tsanani, itacen yakan zubar da ganye ya yi barci. A watan Afrilu yake toho, ya yi fure a Yuni, a girbe a Satumba. Ruwan sama na shekara wajen milimita 700 ne, amma ba damina ɗaya yake zuwa kamar namu ba, a warwatse yake cikin watanni goma sha biyu.

Ga yadda sanyi yake aiki a cikin 'ya'yan. Ɗanyen inabi tsami ne zalla. Sa'ad da yake nuna, zaƙi yana ƙaruwa, tsami yana raguwa, zafi kuwa shi yake sa tsamin ya gudu da sauri. A wuri mai zafi zaƙi yakan cika tsami ya tafi. A Shabli rana tana da ɗumi amma dare da sanyi, saboda haka inabin yana nuna a hankali, zaƙi ya zo tsami bai tafi ba. Wannan tsami shi ne abin da masu saye suke nema, shi ne kuma yake sa a ajiye kwalba shekara goma ba ta lalace ba.

Da yake rana ba ta da yawa, inda gona ta fuskanta babban abu ne. A can rana takan bi ta kudu ne dukan shekara. Gangaren da ya fuskanci kudu ko kudu maso yamma yana shan rana tun hantsi har la'asar, farin dutsen kuma yana mayar da haske a kan itacen. Wanda ya fuskanci arewa yana cikin inuwa, inabinsa yana makara, a shekara mai sanyi ma ba ya nuna sosai. Tsayin wuri ma da nasa. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, da dare sai ta gangaro kamar ruwa ta taru a gindin kwari. Saman tudu kuwa iska ta yi yawa. Tsakiyar gangare ita ce wuri mai albarka.

Daraja huɗu

Bisa ga wannan sani aka raba gonakin kashi huɗu. Na ɗaya, wanda suke kira Grand Cru, gangare ɗaya ne tak a hannun dama na kogin, yana kallon garin, yana fuskantar kudu maso yamma. Girmansa wajen hekta 100 ne, watau bai kai kashi biyu cikin ɗari na dukan gonakin ba. An raba shi gida bakwai, kowane da sunansa: Les Clos, Vaudésir, Valmur, Blanchot, Bougros, Preuses da Grenouilles. Ma'anar na ƙarshen "kwaɗi", gama shi yana can ƙasa wajen kogi.

Na biyu, Premier Cru, gangarori ne masu kyau a dama da hagun kogin, kusan hekta 800, an kasa su da sunaye 40. Na uku shi ne Shabli zalla, shi ya fi yawa. Na huɗu, Petit Chablis, watau ƙaramin Shabli, yawancinsa a saman tuddai yake, a kan dutse mai taurin nan.

Gwamnatin Faransa ta kafa hukumar tsare sunayen irin waɗannan wurare a 1935, Shabli ta sami tata dokar a 1938, ƙaramin Shabli kuma a 1944. Dokar ta faɗi iyakar gonakin, da irin inabin da za a dasa, da yadda za a datse rassa, da yawan abin da za a ɗiba. Ma'aunin da aka sa shi ne lita 6,000 a hekta domin Shabli zalla, 5,800 domin daraja ta biyu, 5,400 domin ta ɗaya, ko da yake hukumar takan ɗan ƙara ko ta rage bisa ga yadda shekara ta zo. Ku lura, gona mafi kyau ita aka fi taƙaita wa. Dalili kuwa, in aka bar itace ya ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinsa, daɗin yakan tsinke, sunan wurin ya zube. Wanda ya ƙetare dokar ba a hana shi sayar da kayansa ba, amma ba zai sa musu sunan Shabli ba.

Shekarun wahala

Kada mu ɗauka mutanen nan cikin daɗi suka taso. A ƙarni na 19 yankin da Shabli take ciki yana da gonakin inabi wajen hekta 40,000. Ana loda ganguna a jiragen ruwa a Auxerre, su bi kogi har Faris. Da aka gama hanyar jirgin ƙasa daga Faris zuwa kudancin ƙasar a cikin shekarun 1850, sai ruwan inabi mai araha na wurare masu zafi ya cika kasuwar birnin. Manoman arewa ba su iya gasa da shi ba, gama a kudu hekta ɗaya tana ba da ninkin nasu.

Ana cikin wannan sai ga ƙwaro. Sunansa filoksera, dangin darɓa ne, daga Amurka ya shigo Turai a jikin dashe. Saiwa yake ci, itacen ya yi ta ramewa har ya mutu. Ya iso Shabli wajen 1887. Magani bai yi ba. Abin da ya cece su shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro da lemo: a ɗauki gindin inabin jeji na Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗaura masa reshen Shadone a kai. A nan ma ƙasar ta nuna halinta. Gindin da aka fara kawowa bai jure farin dutse ba, ganye ya yi ta zama rawaya domin saiwa ta kasa jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Sai da Faransa ta aiki wani masani, Pierre Viala, zuwa Amurka a 1887, ya samo wani inabin jeji da yake tsiro a kan farin dutse a jihar Teksas. Daga jininsa aka haɗa gindin da ya karɓi irin ƙasar Shabli.

Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya kwashe samari, waɗansu kuma suka tafi birni neman aiki. A cikin shekarun 1950 gonakin Shabli sun ragu har sun koma wajen hekta 500. A Fabrairu 1956 sanyi mai tsanani ya kashe itatuwa da yawa, a 1957 kuma daskararriyar raɓa ta ƙone toho, kusan ba a girbi kome ba. Mutane da dama suka bar noman.

Yaƙi da daskararriyar raɓa

Wannan raɓa ita ce babbar abokiyar gabar manomin Shabli. A Afrilu da farkon Mayu, sa'ad da toho yake ɗanye, in dare ya yi garau babu girgije babu iska, ɗumin ƙasa yakan tashi sama, kafin asuba sanyi ya sauka ƙasa da inda ruwa yake daskarewa. Digiri biyu ko uku ƙasa da sifiri sun isa. Da hantsi sai a ga tohon ya yi baƙi kamar an babbake shi. Aikin shekara ya tafi a dare ɗaya.

Bayan 1957 suka tashi tsaye. Da fari suka jera ƙananan murhu na mai a tsakanin layuka, suna kwana a gona suna kunnawa. Yanzu gwangwanayen kakin kyandir suka fi yawa, ɗaruruwa a hekta ɗaya. Dabara ta biyu ta fi ban mamaki: sai su yi ta yayyafa wa itacen ruwa dukan dare ta bututu. Ruwan ya daskare a kan tohon ya rufe shi. Ruwa sa'ad da yake daskarewa yakan saki ɗan ɗumi, saboda haka muddin ana ƙara sabon ruwa, tohon da yake ciki ba ya yin sanyin da zai kashe shi. Amma in injin ya tsaya kafin rana ta narkar da ƙanƙarar, ɓarnar ta fi ta wanda bai yi kome ba. Wannan aiki yana cin ruwa da yawa, ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka aka haɗa kai aka yi tafki a ƙauyen Beine domin gonakin kewaye. Da waɗannan dabaru, da tarakta, da maganin cututtukan ganye, noman ya farfaɗo har ya ninka na 1950 fiye da sau goma.

Gama kai

Akwai abin da zai faranta wa masu karatunmu rai. A 1923, lokacin da kasuwa ta faɗi, 'yan kasuwa suna sayen ruwan inabi yadda suka ga dama, waɗansu manoma suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna La Chablisienne. Wani limamin ikkilisiyar Katolika, Fada Balitrand, yana cikin waɗanda suka ja gaba. Da fari kowa yana yin nasa a gida ya kawo, ƙungiya ta sayar wa manyan 'yan kasuwa. Daga tsakiyar shekarun 1950 sai ƙungiyar ta fara karɓar ɗanyen ruwan da aka matse, ta ƙarasa aikin da kanta, domin kayan su fito bai ɗaya. Yau tana da manoma fiye da 200, tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukan amfanin Shabli, har da yawancin gonar Grenouilles. Ba ta zuba na kowa a tukunya ɗaya. Na kowace daraja dabam ake ajiye shi, a biya mai shi bisa ga darajar gonarsa.

Gardamar iyaka

Suna in ya yi tsada, kowa yana so ya shiga inuwarsa. A cikin shekarun 1970 manoman Shabli suka rabu biyu. Ƙungiya ɗaya, wadda William Fèvre ya ja, ta ce sunan na gonakin da suke kan shimfiɗar kawa ne kaɗai. Ɗayar, ta Jean Durup, ta ce gangare da fuskar rana da yanayin kwari sun kai dutsen muhimmanci, a buɗe wa waɗansu gonaki. A 1978 hukuma ta faɗaɗa iyakar, ta daina tsayawa a kan irin dutsen kaɗai. Kowane gefe yana da tasa gaskiya, kowane kuma yana da abin da zai ci ko ya rasa, gama gonar da ta shiga cikin iyaka kuɗinta ya hau nan da nan. Har yanzu akwai masu cewa an shigar da wuraren da ba su cancanta ba.

Daga waje ma an ci sunan. Shekaru da yawa masu yin ruwan inabi a Amurka suna rubuta Chablis a kan kowane farin ruwa mai araha, ko da ba Shadone ba ne. Mai saye ya sha ya ji lami, ya ce ashe Shabli ke nan. Sai a 2006 Amurka da Tarayyar Turai suka yi yarjejeniya aka hana sababbin masu yin haka, amma aka bar waɗanda suka riga suka fara.

Yanayi yana sākewa

Wahalar yau dabam ce. A garin Beaune, a kudancin Burgundi, akwai rubutaccen lissafin ranar fara girbin inabi tun daga 1354. Masu bincike da suka bi shi sun tarar daga 1988 girbi ya matso gaba da kwana 13 bisa ga yadda yake a ƙarnukan baya. A 2003, shekarar zafi mai tsanani, a watan Agusta aka fara girbi a Burgundi. Ɗumi ya rage shekarun da inabi yake ƙin nuna, amma yana cin tsamin da aka san Shabli da shi.

Raɓar kuma ba ta tafi ba. Da yake sanyin hunturu yana wucewa da wuri, itacen yana toho da wuri, sai raɓar Afrilu ta same shi a buɗe. Haka ya faru a 2021. Ƙarshen Maris ya yi ɗumi kamar tsakiyar shekara, a makon fari na Afrilu sanyi ya komo dare bayan dare. Aka kunna kyandir a tuddan har gari ya waye, duk da haka manoma da yawa sun rasa rabin amfaninsu ko fiye. Ruwan ƙanƙara ma ya yi musu ɓarna a Mayu 2016, ya kuma sāke yi ran 1 ga Mayu 2024. Yanzu waɗansu suna jinkirta datse rassa domin toho ya makara, waɗansu suna barin ciyawa a tsakanin layuka domin ta riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Gangaren da yake fuskantar arewa, wanda aka rena a dā, an fara dubansa da sabon ido.

Abin da za mu ɗauka

Irin wannan doka ta iso Afirka. A 2013 barkonon Penja na ƙasar Kamaru, wanda ake nomawa a baƙar ƙasar tsohon dutse mai aman wuta, ya sami rajistar sunansa. Albasar Galmi ta Jamhuriyar Nijar ma ta sami tata. Amma takarda ba ta yin aiki ita kaɗai. Abin da ya riƙe Shabli shi ne manomanta sun san kowane gefen tudu, sun yarda a auna su, sun kuma yarda a hana mai ha'inci sunan.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ɗauki abu uku zuwa taronta na gaba. Na ɗaya, ku zaga gonakinku tare da dattawa, ku haƙa rami mai zurfin kamu biyu a jigawa da tudu da fadama, ku ga inda yashi ya ƙare, inda yumɓu ko marmara ya fara, inda ruwa yake kwanciya. Na biyu, magatakarda ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ranar ruwan shuka, da irin da aka shuka, da buhunan da kowace gona ta bayar. Bayan shekara biyar littafin nan zai gaya muku abin da baƙon malami ba zai iya ba. Na uku, in akwai amfanin da aka san garinku da shi a kasuwa, ku yi shawara yadda za ku ware mai kyau daga na baya, kada wani ya zuba na banza a gindin buhu ya rufe da mai kyau. Mutum ɗaya in ya yi haka, garin duka ake zagi, kuɗin kowa kuma ya faɗi.

Ƙasar da Allah ya ba mutanen Shabli mai duwatsu ce, mai sanyi, ba ta yi kama da abin arziki ba. Sun zauna a kanta sun koyi halinta, yau 'ya'yansu suna ci daga gare ta. Ku aiko mana da abin da kuka tarar a ramukanku da littattafanku, za mu buga domin waɗansu ƙungiyoyi su ƙaru. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya ba mu damina mai kyau.